Hannun Jemimah a Bangon Masaƙa

Kamfanin da ya sayi tsohuwar masaƙar nan ta Kakuri ya mai da ita siton shinkafa da takin zamani. Injunan saƙa an daɗe da kwashe su an sayar wa 'yan gwangwan. Abin da ya rage na da shi ne dogon bangon da ke kallon titi, wanda masu tallan maganin basir da masu neman kujerar kansila suka cika da rubuce-rubuce. Manajan siton, Mista Benjamin, ya gaji da ganinsa haka. Da Edith Sylvanus ta kawo masa shawarar a zana tarihin masaƙar a jikin bangon, bai yi gardama ba. Ya ba da fenti da tsani, ya ce in an gama za a yi bikin buɗewa a gayyato 'yan jarida.

Edith mai zanen allunan shaguna ce. Shagunan aski da na gyaran waya da yawa daga Kakuri zuwa Romi, aikinta ne a saman ƙofarsu. Mahaifiyarta, Jemimah, a ɗakin saƙa na wannan masaƙar ta ƙare ƙuruciyarta. Ta fito da kunne ɗaya da ba ya ji sam, ɗayan ma sai an ɗaga murya.

Kafin ta taɓa bangon, Edith ta yi bincike. Ta duba tsofaffin jaridu a ɗakin karatu, ta samu hotunan manyan baƙi suna yanke ƙyalle da hotunan dilolin atamfa jere a sito. Matan ɗakin saƙa, in ma sun fito, daga nesa ne, sun ba kyamara baya, babu sunan ko ɗaya a ƙasan hoton. Sai ta koma bin tsofaffin ma'aikata gida gida tana ɗaukar muryarsu a waya.

Da ta zauna sauraren abin da ta ɗauka, ta tarar da matsala. Mahaifiyarta da ƙawarta Ifeoma za su ɗauko labari su kai shi tsakiya, sai a ji shiru na ɗan lokaci, sai kuma dariya ta ɓarke. Wayar lafiyarta ƙalau. Matan ne suke barin baki su koma hannu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ɗakin saƙa ƙarar injuna ba ta barin mutum ya ji ko muryar kansa. Matan sun fito daga Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Kafanchan, wasu daga kudu maso gabas, Hausa ce ta haɗa su, ita kuma ba a jin ta a wurin. Saboda haka suka ƙirƙiri maganar hannu tasu. Akwai alamar zare ya tsinke, akwai ta foman, wato mai sa ido kan ma'aikata, yana zuwa, akwai ta zan zaga bayan gida ki duba mini inji. Akwai ma wadda ake nuna saurayi maƙaryaci da ita. Masaƙar ta mutu, amma hannuwan ba su daina ba. Har a coci, in wa'azi ya yi tsawo, ana ganin su suna motsi a kan cinya.

Edith ta yanke shawarar ba za ta zana fuskoki ba. Hannuwa za ta zana, kowanne da alamarsa, daga wannan ƙarshen bango zuwa wancan.

Jemimah kullum tana zuwa ta zauna a kan benci kusa da tsani, wai don kada a yi kuskure. Ifeoma dama a tsallaken titi take gasa masara, sai ta matso da murhunta kusa.

“Maman Edith,” in ji Ifeoma wata rana, “'yarki ta yi miki gata. Hannun nan na bango ya fi naki kyau.”

“Me kika ce?”

“Na ce ya fi naki kyau!”

“Na ji tun farko. So nake ki maimaita mutane su san halinki.”

“Halina? Ke da kika ci masarata jiya kika ce ɗanɗanawa kike?”

“Ai har yanzu ban gama yanke hukunci ba, Maman Kelechi. Kawo wata.”

Hannun da suke magana a kai shi ne mafi girma, a tsakiyar bangon. Hannun hagu ya riƙe wuyan na dama, tafin dama a buɗe, yatsu a sama. Edith ta zana shi daga na mahaifiyarta, har da tabon da ke gindin babban yatsa. Ma'anarsa ɗaya ce: a kashe inji.

Leburorin sito, masu ɗaukar buhu, a inuwar bangon suke cin abincin rana. Su ne suka fara tambaya. Jemimah ba ta ƙi ba da labarin ba, kuma ba ta canja shi daga wata rana zuwa wata. Wata safiya bel ɗin inji ya kama hannun Ifeoma. Aka fitar da ita. Foman ya sa aka goge jinin da tsumma, ya yi nuni a ci gaba da aiki, don akwai odar da ake jira. A daidai nan Jemimah takan yi shiru, ta ɗaga hannuwanta biyu ta yi alamar. Ba ta taɓa faɗin sunan alamar da baki a cikin labarin ba. Sai ta sauke hannu ta ci gaba: da ta yi alamar ran nan, ta layin gaba ta gani ta ɗaga, ta bayanta ma ta ɗaga, kowace ta kashe injinta, har ɗakin ya yi tsit.

“Ran nan na fara sanin akwai tsuntsaye a rufin masaƙar,” takan ce. “Ashe suna nan suna kuka tun da can.”

Ba su kunna ba sai da aka yi wa belolin murfin ƙarfe. A nan Ifeoma takan ɗaga hannunta na dama, mai yatsu uku, ba tare da ta daina juya masara da na hagu ba.

Zanen ya kusa kammaluwa lokacin da jerin buhunan taki ya rufto wa wani lebura mai suna Umar a ƙafa. Mai kula da lodi ya ce a ja shi gefe a ƙarasa cika tirelar, direba yana sauri. Wani lebura da ke saman motar ya ɗaga hannu ya yi alamar da ke bango. Sauran suka sauke buhunan da ke kansu a inda suke. Ba wanda ya yi ihu. Mista Benjamin ya fito daga ofis, ya ga ƙafar, ya sa Umar a motarsa ya kai shi asibiti da kansa. Lodin bai ci gaba ba sai da ya dawo. Labarin ya kai kunnen masu kamfanin.

Washegari Mista Benjamin ya zo gindin tsani. Ya fara gaishe da tsofaffin har da ɗan rusunawa.

“Mama, ina kwana. Yaya ƙarfin jiki?”

“Lafiya lau, ɗana. Yaya mai ƙafa?”

“Karaya ce. An ɗaure.” Ya ɗaga kai. “Madam Edith, sauko mu yi magana.”

Ta sauko da burushi a hannu.

“Aikinki ya yi kyau, kowa ya faɗa. Amma wannan na tsakiyar ba zai zauna ba. Daga sama aka kira ni. Sun ce sun ba da bango a zana tarihi, ba a koya wa ma'aikata yajin aiki ba.”

“Oga, tarihin ke nan. Ban ƙara komai ba.”

“Ban ce kin ƙara ba. Ni ma innata a nan ta yi aiki, a wajen rini. Na san abin da ake ciki. Ba cewa na yi ki goge ba. Ki ɗan gyara. Ki raba hannun hagun da na dama, ki sa ƙunshin zare a tafin. Hannu riƙe da zare, me ya fi wannan dacewa da masaƙa?”

“Babu wannan alamar a ɗakin saƙa.”

“Wa zai sani?”

Edith ta nuna bencin da burushinta. Jemimah ba ta ji abin da ake faɗa ba, amma Ifeoma tana fassara mata da yatsu ukunta, masara tana ƙonewa.

Mista Benjamin ya rage murya. “Ki yi tunani. In kika ƙi, zan sa a shafe shi. In suka fusata kuma, suna iya cewa a shafe bangon gaba ɗaya. Duk wahalar da kika sha. Ki gyara kafin ranar biki.”

Da yamma a gida, a Romi, Edith ta zauna a bakin ƙofa tana wanke burusanta da kananzir. Mahaifiyarta tana tsince wake a faranti. Edith ta matso ta ɓangaren kunnen da ke ji.

“Mama, in na sa zaren, sauran hannuwan za su tsira. Na Mama Hephzibah yana ciki, ita kuma ta rasu, ba zan sake samun hannunta ba. Guda ɗaya ne kawai zai canja.”

Jemimah ta ci gaba da tsintar wake.

“Mama, kin ji ni?”

“Na ji. Hannun wa kika zana a tsakiya?”

“Naki.”

“To in kika sa mini zare a tafi, kin gaya wa Kakuri cewa ran nan aiki na ci gaba da yi. Kin ce na ga jinin Ifeoma a ƙasa na ɗauki zare.” Ta zubar da tsakuwa a gefe. “In za a shafe, a shafe. Shafewa ba ƙarya ba ce. Amma ke ba za ki yi mini ƙarya da hannunki ba.”

Edith ta ci gaba da wanke burusanta. Kwanakin da suka rage ta ƙarasa ƙananan hannuwan gefe, ba ta kusanci na tsakiya ba. Mista Benjamin yakan wuce a mota ya duba, ya ɗauke kai.

Ranar biki da safe, masu zuwa kasuwa suka tarar da babban fili fari tas a tsakiyar bangon, mai kusurwa huɗu. An yi shafi biyu, ba a ganin komai a ƙasa. Sauran hannuwan suna nan dama da hagu, kamar haƙoran da aka cire na gaba. Edith ta tsaya a gabansa, ta taɓa fentin da yatsa. Ya bushe. Ta koma ta taimaka wajen jera kujeru.

An kafa rumfa biyu a bakin titi. Janareta da lasifika na haya ne, daga shagon Kelechi, babban ɗan Ifeoma, wanda ya daɗe yana yi wa kamfanin aiki a duk taronsu. Shi da kansa ya zo, ya ajiye janaretan a bayan rumfa, ya ja waya. An sa bikin da hantsi, amma babban baƙo bai iso ba sai da rana ta karkata ta dawo tana dukan bangon kai tsaye.

Tsofaffin matan masaƙar sun riga kowa zuwa. Wasu cikin ankon zumuntar mata na cocinsu, wasu sun ɗauro tsohuwar atamfar masaƙar da suka ajiye a ƙasan akwati, launinta ya koɗe. Ba su zauna a kujeru ba. Sun jeru a jikin bangon, kowace a ƙarƙashin hannunta in an zana nata, in ba a zana ba a ƙarƙashin na ƙawarta. Mai gabatarwa ya roƙe su sau biyu su shigo inuwa.

“Mun saba tsayuwa, ɗana,” in ji wata daga cikinsu. “A tsaye muka tsufa.”

Aka yi addu'a iri biyu. Babban baƙo ya yi magana a kan muhimmancin al'ada. Mista Benjamin ya gode wa masu kamfani, ya gode wa Edith, bai ambaci farin filin ba, duk da cewa kyamarorin 'yan jarida can suka fi kallo. Sannan mai gabatarwa ya ce za a ba ɗaya daga cikin iyayenmu mata dama ta yi gajeriyar gaisuwa.

Jemimah ta karɓi makirufo ta riƙe shi nesa da baki. Ba ta bukatarsa. Wanda ya yi shekaru a ɗakin saƙa ba ya magana a hankali.

“Sunana Jemimah Sylvanus, daga Zonkwa. Layi na huɗu, ɗakin saƙa. Waccan mai gasa masarar Ifeoma ce, layi na biyar. Wata safiya bel ya kama hannunta.”

Mista Benjamin ya kalli mai gabatarwa. Mai gabatarwa ya matso yana murmushi, ya miƙa hannu.

“Mun gode, Mama, mun gode ƙwarai. A tafa wa Mama.”

“Ban kai ba tukuna. Aka fitar da ita. Foman ya sa aka goge jinin da tsumma.”

Mai gabatarwa ya yi wa mai kiɗa nuni. Kiɗa ya tashi daga lasifika huɗu, da ƙarfi, ya haɗu da rurin janareta. Bakin Jemimah ya ci gaba da motsi, ba a jin komai. Wasu daga cikin baƙi suka fara tafi don a wuce wurin.

Jemimah ta dubi lasifikan. Ba ta nuna fushi ba. Ta miƙa wa mai gabatarwa makirufonsa, ta gyara ɗaurin zaninta, ta taka a hankali zuwa gaban farin filin. Ta juya ta fuskanci jama'a, ta ɗaga hannuwanta sama da kai. Hagu ya riƙe wuyan dama, tafi a buɗe.

Matar da ke damanta ta gani ta ɗaga. Ta kusa da ita ta ɗaga. Ba tare suka yi ba, ɗaya bayan ɗaya ne, kowace sai ta ga ta gefenta, yadda ake yi a layi. Alamar ta bi bangon zuwa dama, ta bi zuwa hagu. Ifeoma ta ajiye mafici ta ɗaga nata, yatsu uku a sama. A saman wata tirela da ke cikin harabar sito, inda ake hango su ta kan bango, leburori ma sun miƙe sun ɗaga.

Kelechi yana tsaye kusa da janaretansa. Ya dubi Mista Benjamin, wanda ke ba shi aiki. Ya dubi hannun mahaifiyarsa. Ya sunkuya ya murɗa makunnin.

Kiɗan ya yanke a tsakiya. Janaretan ya yi tari ya mutu. Ana jin keke napep yana wucewa can nesa, da fasfas ɗin masara a kan wuta.

Jemimah ta yi magana ba tare da ta sauke hannu ba, muryarta ta kai ƙarshen rumfa.

“Haka ɗakin ya yi. Ba mu kunna ba sai da aka yi wa belolin murfi. Ƙarshen labarin ke nan. Yanzu kuna iya tafawa.”

Ba wanda ya tafa. Masu kyamara ne kawai suke motsi.

Rana tana bayan rumfa, ta jefa inuwar hannuwan Jemimah a kan farin fentin, baƙa, gefenta a fili kamar an yanka da almakashi. Edith ta je wajen murhun Ifeoma ta zaro gawayi daga buhu. Ta ja benci ta hau, ta fara bin gefen inuwar da shi.

Mista Benjamin ya taso ya zo har gindin bencin. Bai ɗaga murya ba.

“Madam Edith, kin san gobe zan sa a sake shafewa. Ba ni da yadda zan yi.”

“Na sani, Oga.”

“To me ye amfanin?”

“Jibi ina nan. Gawayi ba ya ƙarewa a wajen Maman Kelechi.”

“Zan iya hana ki taɓa bangon.”

“Za ka iya. Sai ka hana su tsayawa a titi kuma.” Ba ta juyo ba. “Mai chemist na tsallake ya ce in zo in yi a nasa bangon. Mai walda ma. Duk suna kallon ƙofarka.”

Ya tsaya yana kallon layin gawayin yana hawa wuyan hannu. Sannan ya juya wajen Kelechi.

“Kai kuma fa?”

“Mai ne ya ƙare, Oga,” in ji Kelechi.

“Da safe na ga ka cika tanki.”

“To ban san me ya same shi ba. Sai na duba a shago.”

Jemimah ta ga bakuna suna motsi. “Me yake cewa?” ta tambaya da ƙarfi.

Ifeoma ta sauke hannu ta yi mata wata gajeriyar alama, wadda a da ake yi in foman ya shigo yana faɗa babu mai jin sa. Dariya ta bi layin matan daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Mista Benjamin bai san ma'anar ba, bai kuma tambaya ba. Ya koma ya raka babban baƙo mota.

“Edith,” in ji Jemimah, “ki yi sauri. Kafaɗata ba ta budurwa ba ce.”

“Saura yatsu, Mama. Kada ki motsa.”

“Ban motsa ba, rana ce ke motsi. Kuma ki yi babban yatsan daidai wannan karon. Wancan da suka shafe ya yi gajere.”

Edith ta busa ƙurar gawayin daga bango, ta karɓi sabon gutsure daga hannun Ifeoma, ta hau kan babban yatsan.